Wa Ke Gadin Barcin Mai Jego?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi, ko a garuruwan da ke tsakaninsu irin su Bakori, Ɗanja da Ƙafur, ya san yadda gida kan kasance idan mace ta sauka. Kafin a gama yanke cibi labari ya zaga dangi. Angon ƙarni ya shiga neman itace da rago da kayan fitar suna, tsofaffi su ɗora tukunyar ruwan zafi, maƙwabta su fara sallama da barka. Kowa da aikin da al'ada ta ɗora masa, kuma kowa yana ƙoƙarin saukewa don kada a yi da shi. Amma cikin duk wannan hidima akwai abu guda da ba a ɗora wa kowa ba, shi ne barcin ita mai jegon. Akwai mai kula da wuta, akwai mai dama kunu, akwai mai lissafin goro, amma babu wanda aka ce masa shi ne zai tabbatar wannan baiwar Allah ta runtsa.

Wannan sakaci ba ƙarami ba ne, domin akwai matan da yake kai su kabari, jama'a kuwa su ce kwana ne ya ƙare, su watse ba tare da an tambayi abin da aka gaza yi ba.

A ɗan yi lissafin kwanan mai jego guda ɗaya. Jariri sabon haihuwa yana shan mama sau 8 zuwa 12 a tsakanin dare da yini, watau kusan bayan kowane awa biyu ko uku, kuma shi bai san dare ba bai san rana ba. Kowane tashi ba shayarwa kaɗai ba ne, akwai canza tsumma, akwai jijjigawa har ya koma barci. Babban mutum mai lafiya yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare, ita kuwa abin da take samu guntu-guntu ne, wanda in aka harhaɗa shi da kyar ya kai rabin haka. To daidai lokacin da jaririn ya lafa, wajen asalatu, lokacin da barcinta ya fara nauyi, sai a ji tsohuwa a bakin ƙofa: "Ke 'yar nan, tashi, ruwa zai huce." A fita da ita a yi wankan jego da ganyen bedi ko runhu, a dawo a sha kunun kanwa. Kafin ta miƙe ƙafa hantsi ya yi, 'yan barka sun fara shigowa. Kowace sai ta ɗauki jariri ta ga da wa ya yi kama, ko da barci yake, kowace sai an tashi zaune an amsa mata: "Ya ruwan zafi? Allah Ya raya." Haka za a yi ta yi har la'asar, a sake wani wankan, magariba ta yi, dare ya sake dawowa da nasa aikin. Ranar suna kuwa ba a magana, domin ita ce ranar da macen da ba ta wuce kwana bakwai da naƙuda ba za ta yini a zaune cikin kwalliya da hayaniya, daga safe har bayan isha'i.

Wai shin wane lebura ne za a yi wa irin wannan aiki a gona, kwana arba'in a jere, bai ajiye fartanya ya gudu ba?

Ita kuwa ba ta da inda za ta gudu, kuma ba ta da bakin magana. In haihuwar fari ce, kunya ta hana ta ko nuna ta damu da ɗan, balle ta ce ta gaji da shi. In a gidan miji take, ba za ta iya ce wa uwar miji a bar ta ta kwanta ba, don kada a ce ragguwa ce ko ba ta da tarbiyya. In ta yi hamma a gaban baƙi a ce ba ta son mutane. Sai ta yi shiru, jama'a kuma su ɗauki shirun nan a matsayin lafiya.

A nan ya kamata a yi wa magabata adalci. Al'adar mayar da mace gidan iyayenta wanka a haihuwar fari hikima ce babba, domin manufarta a ɗauke mata girki da daka da ɗiban ruwa, a sa ta a hannun wadda za ta ji tausayinta. Asalin kwana arba'in hutu ne. Abin takaicin shi ne an riƙe ɓawon an yar da ƙwayar: wanka da kunu da biki suna nan daram, hutun ne ya sulale. Sannan kuma wannan gata na haihuwar fari ne, wani lokaci da ta biyu. Mace mai haihuwa ta biyar ko ta bakwai, wadda jikinta ya fi gajiya, wadda ga na yaye yana kuka ga 'yan makaranta suna jiran koko, ita ce ake ce wa ai ta saba. Ba 'yan kaɗan ba ne irinta, domin babban binciken lafiya da yawan al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa Jihar Katsina ce kan gaba a Najeriya wajen yawan haihuwa, inda lissafin ya kama haihuwa 7.3 ga kowace mace.

A wannan yanki na noma kuwa akwai ƙarin nauyi. In haihuwar ta faɗo da damina, maza da samari duk suna gona, matan gida suna fama da abincin 'yan ƙwadago, babu mai sararin riƙe jariri. In da kaka ce, ga masara a zube tana jiran ɓara, ga wake, ga dawa, ga auduga. Sau da yawa tun kafin a yi sati biyu za a ga mai jego a bakin murhu ko a gindin turmi, wai tana taimakawa. Ma'aikaciyar gwamnati tana da hutun haihuwa, har ma a 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Matar manomi a ƙauyen Ɗandume ko Faskari ba ta da ofishin da zai rubuta mata takardar hutu. Hutunta yana hannun mijinta da mutanen gidansu, in sun ba ta ta samu, in sun hana ta shi ke nan.

Abin mamaki, Wanda Ya halicce ta Ya riga Ya ba ta hutun da mutane suka hana ta. Ɗalibin Islamiyya da ya karanta Ahalari ya san cewa mace mai jinin biƙi an ɗauke mata salla, kuma ba za ta rama ba, an jinkirta mata azumi sai ta samu tsarki, kuma a mazhabar Malikiyya wannan jini yana iya kaiwa kwana 60. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban ɗa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta ambaci raunin da uwa take sha. To idan Ubangiji Ya sauke mata sallar asuba, wadda ita ce farilla, da wace hujja ɗan Adam zai wajabta mata tashin asalatu saboda tukunyar ruwa? Idan an ɗage mata azumin Ramadan, wane ne zai ce ba za a ɗage mata girkin 'yan gona ba?

Babban hatsarin da ke cikin raina gajiyar mai jego shi ne, ba kowace gajiya ce ta rashin barci ba. Akwai wadda sallama ce ta ciwo mai kisa, kuma wannan yanki yana da tarihi a kan haka wanda likitocin duniya suka sani, alhali mutanen yankin da yawa ba su sani ba. A farkon shekarun 1970 wasu likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa zuciyarsu ta gaza, jiki ya kumbura, numfashi yana sarƙewa. Suka bi diddigin mata 224, suka kuma tambayi asibitocin jihohin Arewa. A 1974 uku daga cikinsu, Davidson da Trevitt da Parry, suka buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, inda suka nuna cewa ciwon ya fi yawa ne a ƙasar Hausa, musamman kewayen Zariya da Malumfashi, wuraren da aka fi tsananta wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kanwa mai yawa. Bayaninsu shi ne, kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, sai nauyin ya yi wa zuciyar da dama take da rauni yawa.

Ilimi bai tsaya nan ba. A 2020 aka fitar da sakamakon wani bincike mafi faɗi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya haɗa mata 406 masu wannan ciwo daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya. Binciken ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki fama da shi, har akwai inda ya kai mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96, wanda yana cikin mafi yawa da aka sani a duniya. Sai dai shi bai ga alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da ya gano suna tare da ciwon su ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin da kan zo da ciki. Watau dai talauci da rashin kulawa.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa tsofaffi da tukunyarsu dukkan laifi, kamar yadda wasu 'yan boko kan yi. Amma kuma ba daidai ba ne a ce tunda haka ne a ci gaba da ɗura kanwa yadda aka ga dama, domin babu likitan da ke jayayya cewa mai hawan jini ko mai raunin zuciya gishiri da kanwa suna ƙara mata ciwo. Kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane muni. Mace ta fara haki, ƙafafunta su kumbura, ta kasa kwanciya sai an jingina ta da bango, tari ya hana ta barci. Maimakon a nemi mota sai a ce sanyi ne ya shige ta, jikinta ɗanye ne, wankan bai ratsa ta ba. A ƙara itace, a ƙara kanwa. Da niyyar magani ake ƙara mata ciwon, har sai ranar da za a ɗauke ta ranga-ranga zuwa Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, ko a wuce da ita Shika, a lokacin da likita ba shi da sauran dabara mai yawa.

Lallai ne kowane magidanci da kowace tsohuwa mai wanka su san bambancin gajiyar da barci ke warkarwa da wadda ba ta jin barci. Idan mai jego tana haki alhali ba ta yi aikin komai ba, ko ta kasa numfashi in ta kwanta, ko ƙafa da fuska suka kumbura, asibiti ne. Idan jini yana zuba har yana jiƙa ƙunzugu cikin ɗan lokaci, ko tana jin jiri, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, asibiti ne. Idan zazzaɓi ya rufe ta, ko jinin ya canza wari, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da gani dishi-dishi, wanda shi ne kan gabaci jijjiga, asibiti ne, kuma a ranar, ba sai an yi suna ba, ba sai ranar kasuwa ba. A ƙauyukan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, inda hare-haren 'yan bindiga suka tsananta tun wajen 2019 har tafiyar dare ta zama kasada, jinkirin yini ɗaya yana iya zama jinkirin da ba a dawowa daga gare shi. Abin da aka gani da hantsi kada a bar shi ya kai magariba.

Akwai kuma ciwon da ba ya kumbura ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma rashin barci yana cikin abubuwan da ke rura shi. Alamarsa ita ce yawan kuka ba dalili, da ƙin abinci, da rashin sha'awar jariri, da kasa barci ko da an karɓi ɗan an ba ta wuri. Wata ma, ko da yake irinta ba su da yawa, takan kai ga sambatu da ganin abin da babu. A irin wannan hali an fi saurin cewa iska ce ko sammun kishiya, gida ya rikice da zargi, alhali ciwo ne da ake magancewa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana addu'a ba. Wadda ta fara maganar cutar da kanta ko jaririnta kuwa, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya har sai ta ga likita.

To ina mafita? Mafitar ba ta bukatar kwangila ko tallafin wata ƙasa, a cikin gida take.

Na farko, a naɗa wa barcin mai jego mai gadi, kamar yadda aka naɗa wa wuta. Mace guda mai faɗa a ji, uwa ko gwaggo ko yaya, ta tsaya a kan cewa daga azahar zuwa la'asar ɗakin a rufe yake. Wadda ta zo barka a karɓe ta a tsakar gida, a ce mata: "Yi haƙuri Hajiya, yanzu ta samu ta kwanta, za a faɗa mata kin zo." Mai hankali ba za ta ji haushi ba, domin ita ma ta taɓa kwana a zaune. Barka zumunci ce, amma zumuncin da ke tayar da majiyyaci daga barci yana bukatar gyara.

Na biyu, a raba dare. Nono na uwa ne, babu mai ɗaukar mata wannan, kuma bai kamata a ba jariri ruwa ko wani abu don a sa shi barci ba, tunda nono zalla ake so har wata 6. Amma canza tsumma da goyo da jijjigawa kowa yana iyawa. A samu wadda za ta kwana a ɗakin, in ya sha ta karɓe shi, uwar ta koma ta kwanta a cikin gidan sauro. Wannan yana kuma kare jaririn, domin uwar da barci ya sace tana shayarwa tana iya danne ɗanta ba ta sani ba.

Na uku, a sassauta wanka. Babu abin da zai lalace idan aka jira rana ta fito, kuma aka surka ruwan daidai yadda fata za ta iya ɗauka, tunda ƙuna ba magani ba ce. A rage kanwa ga kowa, a ɗauke ta gaba ɗaya ga wadda aka taɓa ce wa tana da hawan jini ko wadda ta kumbura.

Na huɗu, maigida ya san cewa aikinsa bai ƙare a kan rago ba. Akwai wanda zai sayar da buhun masara biyu don ranar suna, amma bai ajiye kuɗin motar asibiti ba, bai sayo ƙwai ko kifi ko hanta ba, bayan kuwa wancan bincike na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, wanda shi kansa babban dalilin kasala ne. Wake da zogale da gyaɗa suna nan a gona, ba sai an je birni ba. Shi ne kuma zai iya cewa: "Inna, a ɗauke mata girki har ta yi arba'in, ni zan nemo mai taimakawa." Magana ce da matar ba za ta iya furtawa ba, amma daga bakinsa ba ta fi ƙarfin minti ɗaya ba. In akwai abokiyar zama, a nemi alfarmarta da mutunci, a kuma tuna mata za a yi mata irin haka ranar tata. Ɗaukar na yaye ya kwana wurin uba, ko ɗebo ruwa, ko faskare, ba ya rage wa namiji girma. Ingantattun ruwayoyi sun tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi hidimar iyalinsa a cikin gida.

Na biyar, a kai ta a duba ta ko da lafiya take. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce a duba mai jego da jaririnta cikin awa 24 na farko, sannan a kwana na biyu zuwa na uku, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. A binciken 2018, kashi 16 cikin 100 kacal na haihuwar Arewa maso Yamma aka yi a asibiti, ma'ana mafi yawan mata babu wanda ya auna jininsu bayan sun sauka. Al'adar cewa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in ba ta kai darajar rai ba.

Na shida, malamai da makarantun matan aure su shigo ciki. Malamin da ke karantar da babin jinin biƙi ya ƙara da haƙƙin mai jinin. Wanda aka gayyata walimar suna ya yi wa maza wannan nasiha a nan inda suke a tare. Ɗaliban Islamiyya da suka iya haɗa kuɗin gudummawar biki za su iya tsara wa junansu kwanaki: yau wance za ta yi wa mai jego wanki, gobe wance za ta kai tuwo, jibi wance za ta kwashe yara zuwa gidanta. Wannan gudummawa ta fi turmin atamfa amfani. Ciwon 'ya mace, in ji masu iya magana, na 'ya mace ne.

Ba za a rasa masu cewa, "Iyayenmu sun yi haka, kuma ga mu." Gaskiya ne, waɗanda suka rayu ga 'ya'yansu nan suna magana. Waɗanda ba su rayu ba fa? Kusan babu zuriyar da ba ta da labarin wata da ta rasu a cikin jego, aka ba kaka ko gwaggo rainon abin da ta bari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma gaskiya ne, kuma za a tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hausawa sun ce mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira. Saukar jariri ba ita ce ke dawo da ƙafar nan nan take ba, sai an yi makonni ana lallaɓawa. Duk magidancin da ya bar mai jego a gida ya taho masallaci yau, in ya koma kada ya tsaya a kan tambayar ko jariri ya sha. Ya tambayi awa nawa uwar ta yi barci daren jiya, in amsar ba ta yi daɗi ba ya san wanda zai karɓi ɗan yau da dare.

Allah Ya ba masu jego lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarkin gaskiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan hanya. Wassalam.